Tsohuwar libarbar surukina: ko sake mata rini zai biya kuɗin sabulu?

Baƙon Houston:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙarfe da ƙananan bindigogi a cikinmu mazauna Amurka, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makonni uku da suka wuce. Surukina, mahaifin maiɗakina, ya rasu bara, kuma cikin kayan da ya bari akwai libarba ƙirar Smith & Wesson Model 10, mai ɗaukar harsashi shida na .38 Special, tsawon bututunta inci huɗu. Ya yi aikin gadi fiye da shekara ashirin yana rataye da ita a ƙugu, bayan ya yi ritaya kuma ya jefa ta cikin aljihun tebur a kubenta na fata, ta zauna a nan shekara da shekaru. Idan aka buɗe silindar, wato gangar da ke ɗaukar harsasan, ana ganin an buga 10-5 a jikin ƙarfen, lambarta da ke gindin ƙota kuma ta fara da harafin D.

Halin da take ciki shi ne baƙin rinin nan mai sheƙi ya koɗe a gefe biyu na bakin bututu, da gefunan silinda, da bayan ƙota inda tafin hannu ke zama, har farin ƙarfe ya fito. A gefen hagu akwai ɗigo-ɗigon tsatsa kamar an yayyafa barkono, sannan kusa da zoben da ke kare kunama akwai ƙananan ramuka uku ko huɗu da farce ke iya ji. Wanda ya san danshin Houston ba zai yi mamakin haka ba.

Na kai wa wani maƙerin bindiga mai lasisi, ya ce zai sake mata rini irin na asali a kan dala 350, ko ya fesa mata wani rufi mai kama da fenti da ake kira Cerakote a kan dala 250. Da na zagaya shaguna biyu sai na tarar ana sayar da irinta, tsohuwa mai lafiya, tsakanin dala 400 zuwa 450. Tambayata ita ce, shin kwalliya za ta biya kuɗin sabulu? In kuma za a yi, wanne ya fi dacewa cikin biyun?

Tsohon Maƙeri a Toledo:

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan surukinka, Ya ba maiɗakinka haƙuri. Ni ba maƙerin bindiga ba ne, amma na yi shekaru masu yawa a masana'antar da ake goge ƙarfe ana yi masa baƙin rini, kuma aikin ɗaya ne ko a jikin kusa ko a jikin libarba. Bari in fara gaya maka abin da za ka biya kuɗi a kansa, domin mutane da yawa suna zaton fenti ne.

Rinin bindiga tsatsa ce da aka yi da gangan. Ana tsoma ƙarfen cikin tukunyar da ke tafasa da soda mai cin hannu, irin wadda masu haɗa sabulu suka sani, haɗe da gishirin naitiret, a zafin da ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Salshiyas. Fuskar ƙarfen sai ta rikiɗe ta zama baƙar tsatsa mai kama jiki, saɓanin jar tsatsar da ke ɓarewa tana ci gaba da ci. Kaurin wannan baƙin bai kai kashi ɗaya cikin goma na silin gashin kai ba, shi ya sa kube na fata yake cinye shi a wuraren da suke guga, shi ya sa kuma ba ya hana tsatsa shi kaɗai sai an riƙa shafa mai. Tsomawar kanta ba ta ɗaukar lokaci, kuma ba ita ke da tsada ba. Dala 350 ɗin nan da aka yanka maka, mafi yawanta kuɗin warwarewa ne da gugar da za a yi kafin a tsoma, kuma a wajen gugar ake yin gyaran gangar Auzinawa.

Dalili shi ne rini ba ya ɓoye komai. Duk abin da ke fuskar ƙarfe kafin a tsoma shi, haka zai fito bayan an tsamo, sai dai ya yi baƙi. Ramukan nan da farcenka ke ji ba a cike su, sai dai a zaftare ƙarfen da ke kewaye da su har ya sauko daidai da zurfinsu. Maƙerin da ke da haƙuri zai yi wannan da hannu, da takardar yashi a naɗe a jikin katako mai faɗi, yana bin kowace fuska yana kiyaye kaifin gefuna. Mai gaggawa kuwa zai ɗora ta a kan injin guga mai juyawa, cikin rabin awa ta yi ƙyalli kamar madubi, amma sai ka tarar gefuna sun zama kamar sabulun da aka yi wanka da shi, rubutun kamfani ya dishe, bakin ramukan kusoshi ya lotsa kamar ƙaramin kwano. A libarbar Smith & Wesson akwai wani murfi a gefen dama wanda aka daidaita shi da gangar jikin tun a masana'anta, har layin da ke tsakaninsu bai fi zare ba. Idan aka goge murfin daban, aka goge jikin daban, layin nan sai ya buɗe ya zama kwari, kuma duk wanda ya san bindiga daga nesa zai gane an taɓa ta. Haka nan gudumar da ke buga harsashi da kunama, waɗanda kamfanin ya ƙona su suka yi launi-launi kamar bakan gizo a kan mai, ba a yi musu rini. In ka ga sun dawo baƙi ƙirin, to aikin wanda bai san sana'ar ba ne.

Saboda haka kafin ka yarda, ka ce ya nuna maka wata libarba da ya gama, ka duba rubutunta da layin murfin nan. Ka tambaye shi kuma ko shi ke da tukunyar ko aikawa yake yi wani wuri, domin da yawa aikawa suke yi.

Akwai tsohuwar hanya da ta fi wannan, wadda ake shafa ruwan asid a bar ƙarfen ya yi jar tsatsa a wuri mai danshi, a dafa shi cikin ruwa tsatsar ta koma baƙa, a goge da lallausan burushin waya, a maimaita sau da dama cikin kwanaki. Rininta ya fi ƙarko kuma ba ta bukatar guga mai tsanani, amma kuɗinta ya wuce abin da ya kamata a kashe wa Model 10, sheƙinta kuma ba irin na masana'antar ba ne. Ƙaramar kwalbar rinin sanyi da ake sayarwa a shaguna kuwa, mai sinadarin seleniyom, ta ɗan tabo ce kamar kan kusa. Kada ka shafe bindigar da ita, domin dabbare-dabbare za ta yi, ta riƙa wari, kuma ba ta daɗewa.

Abu na ƙarshe, wanda a gaskiya shi ya kamata in fara da shi: kada ka kashe ko sisi a kan fuskarta sai an duba cikinta. A tabbatar silinda tana kullewa daidai da bututu a kowane gida cikin shidan kafin guduma ta faɗi, a duba ko tana wasa gaba da baya, a auna ratar da ke tsakaninta da bututu, wadda a lafiyayyar libarba takan kasance wajen inci 0.006, a haska cikin bututu a ga ko tsatsa ta shiga. Bindigar da ta kwana cikin kube mai danshi har gefenta ya yi ramuka, ba abin mamaki ba ne a samu wani abu a ciki.

Mai Gwanjo Dallas:

Baba Maƙeri ya gama da ɓangaren ƙarfe, ni kuma zan yi maganar kuɗi, tunda saye da sayar da tsofaffin kaya nake yi, kuma ina yawan zuwa baje kolin bindigogi da ake yi a nan Texas. Malam, in lissafin riba kake yi, amsar a'a ce, kuma babu ja a cikinta.

Wannan ƙirar ta fara fitowa a 1899 daga masana'antar kamfanin da ke Springfield ta jihar Massachusetts, da sunan Military & Police, sai a 1957 aka raɗa mata Model 10. An ƙera fiye da miliyan shida. Ita ce 'yan sandan Amurka da masu gadi suka fi ratayawa shekaru da dama, da suka koma ga fistol mai ɗaukar harsashi da yawa a shekarun 1980 da 1990 kuwa sai aka zubo tsofaffin kasuwa. Taka mai lamba D an ƙera ta ne tsakanin 1968 da 1977. Bindiga ce mai nagarta ƙwarai, amma ba ta cikin waɗanda ake nema ruwa a jallo, kuma abin da ya yi yawa haka ba ya tsada.

Masu tara tsofaffin bindigogi kuma suna yanka farashi ne bisa yawan rinin asali da ya rage, su ce wannan tana da kashi 95 cikin ɗari, waccan 80, waccan 60. Da zarar an sake rini, a wurinsu rinin asali ya zama sifiri, komai kyan aikin. To ka lissafa. Kana da bindigar da a halin da ka siffanta za ta yi ƙasa kaɗan da waɗanda ka gani a shago, ka ɗora mata 350, ka tashi da abin da ka zuba wa fiye da 700, alhali ranar da ka kai ta kasuwa da wuya a ba ka abin da ya wuce kuɗin wadda ba a taɓa ba. Wasu masu sayen ma sun fi son mai koɗaɗɗen rini, domin tana faɗin gaskiyar abin da ta gani, wadda aka sake wa rini kuwa mai saye yakan tambayi kansa me aka ɓoye. Ni kaina na taɓa sayen wata libarba mai ƙyalli a hoto, da ta iso hannuna na ga tambarin kamfanin ya kusa shafewa, na yi wata takwas kafin in rabu da ita, da asara.

Inda nake ganin sake rini yana da ma'ana wuri biyu ne. Na farko, bindigar da tsatsa ta riga ta cinye, babu sauran rinin asali da za a yi asara, an same ta da araha, mai ita kuma aiki zai yi da ita. Na biyu, wadda wani ya riga ya ɓata da mummunan rini, gyara ba zai ƙara mata lahani ba. Taka ba ta cikin ko ɗaya. Da a ce ƙirar Victory ce ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mai lamba V, da ma sai in roƙe ka kada ka bari ko takardar yashi ta kusance ta.

Direban Tirela Memphis:

Ina girmama maganar manya, amma ban yarda a mayar da komai lissafin ranar sayarwa ba. Malam bai ce zai sayar ba. Mutum yakan kashe kuɗi ya yi wa tsohuwar motarsa fenti, ya san ba zai maido da kuɗin ba, amma kullum ya fito ya gan ta ransa ya yi fari, kuma wannan ma biyan bukata ne.

Ina da fistol da na saya gwanjo, na sa aka fesa mata Cerakote shekara huɗu da suka wuce, har yau ko ɗigon tsatsa babu, alhali garinmu ma ba baya ba ne wajen danshi da zufa. Shi Cerakote rufi ne na sinadarin tangaran da roba, ana fara feshe ƙarfen da yashi ya yi kaushi, a fesa shi, a gasa a tanda. Kaurinsa wajen inci 0.001 ne, ya ninka rini sau da yawa, kuma wajen hana tsatsa rini bai kama ƙafarsa ba. Sai dai zan faɗi gaskiya, tawa fistol ce ta zamani, ba ta da tarihi a wurin kowa. A jikin libarbar shekarun 1970 zai fito kamar an sa wa dattijo rigar 'yan ƙwallo, babu sheƙin nan mai zurfi, kuma layin da silinda ke yi idan tana juyawa zai dawo ba da daɗewa ba, wannan karon a kan fenti. Sannan libarba tana da wurare masu matsi, mai fesawar da bai iya ba yana iya sa silinda ta riƙa cijewa. In da ni ne kuma na ƙudura sai na gyara, rinin asali zan yi a wurin mai aikin hannu, ko da ya fi 350.

Malamin Doka Maryland:

Akwai wani ɓangare da ba a taɓo ba, kuma ya fi asarar kuɗi nauyi. Dokar tarayyar Amurka ta haramta mallakar bindigar da aka goge lambarta, ko aka dusar da ita, ko aka sauya ta, babban laifi ne da hukuncinsa ke iya kaiwa ɗaurin shekara biyar. A Model 10 lambar da doka ta sani ita ce wadda ke gindin ƙota, wuri ne kuma da ke shan guga da tsatsa. Mai gugar da ya danna inji a nan, ko mai fentin da ya cike lambar har ba ta karantuwa, ya bar ka da matsala a hannunka. Ka ɗauki hoton lambar kafin ka miƙa, ka gaya masa da bakinka kada ya taɓa wurin.

Ka tabbatar kuma wanda zai riƙe maka ita yana da lasisin tarayya, domin sana'ar gyaran bindiga tana bukatarsa a ƙarƙashin dokar bindigogi ta tarayya ta 1968, ba kowane mai fesa fenti a garejinsa ba. In wata jiha za a aika ta, a aikace sai ta hannun dillali mai lasisi, kuɗin zuwa da dawowa kuma ka ɗora shi a kan abin da aka yanka maka. Ga masu karanta mu daga gida, wannan magana ta Amurka ce kawai. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, don haka kada wani ya ba Malam shawarar ya taho da ita maƙeran gida su gyara da araha.

Maman Yara Atlanta:

Malam, duk na karanta, ban ga inda ka ce ka tambayi maiɗakinka ba, alhali bindigar mahaifinta ce. Wurin nan da ka ce ya koɗe a bayan ƙota, tafin hannunsa ne ya koɗar da shi cikin shekara ashirin, kuma da zarar an goge ba ya dawowa. Tsatsa daban, ita ciwo ce, a kashe ta. Amma koɗewar kube da ta hannu, ka bari ita ta yanke hukunci a kansu. Kuma idan akwai yara a gidan, in kuɗin nan 350 suna neman wurin zuwa, akwatin ƙarfe mai makulli ya fi rini cancanta.

Tsohon Maƙeri a Toledo:

Hajiya ta faɗi abin da ni ban iya faɗa ba. In ka zaɓi barinta, ga yadda ake tsayar da tsatsar ba tare da an taɓa rinin da ya rage ba. Ka tabbatar babu harsashi, ka kwance katakon ƙota domin tsatsa na son ɓuya a ƙarƙashinsa, ka jiƙa wuraren da man bindiga su kwana. Washegari ka shafa a hankali da soson tagulla, ko soson ƙarfe mafi laushi mai lamba 0000, kullum da mai, kana share jan da ke fitowa da tsumma domin shi kansa yana karce rini. Bayan ta bushe ka shafa mata kakin Renaissance Wax, wanda gidajen tarihi ke amfani da shi a kan ƙarfe. Kuben fatar nan kuwa a ajiye shi daban, kada ta sake kwana a ciki, domin fata tana riƙe danshi, kuma ita ce ta jawo ɗigon da kake gani.

Baƙon Houston:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na koma wurin maƙerin ranar Asabar, na ce a fara duba cikinta kamar yadda Baba ya ce. Ya karɓi dala 60, ya warware ta, ya wanke tsohon man da ya daskare, ya ce silinda tana kullewa daidai a gidaje shidan, ratar tana inda ya kamata, cikin bututu kuma fes yake. Da na nemi ganin aikinsa ya nuna mini wata libarba da ya yi wa rini, ta yi kyau a ido, amma da na duba layin murfin gefen dama sai na ga ya ɗan buɗe, kuma ya amsa cewa injin guga yake amfani da shi, aikin hannu zai kai ninki biyu.

Maganar Hajiya ita ta raba gardama. Da na nuna wa maiɗakina farin da ke bayan ƙota na ce za a iya mayar da shi baƙi, sai ta karɓi bindigar ta daɗe tana kallo, ta ce a bar shi yadda yake. Na bi hanyar Baba, ɗigon gefen hagu sun tafi sun bar ɗan dishi-dishi, an shafa kakin, tana cikin akwatin ƙarfe tare da ƙunshin sinadarin shan danshi, kuben kuma yana cikin kayan marigayi. Ramuka huɗun nan na kusa da kunama suna nan, sun yi baƙi yanzu maimakon ja. Baba, ko baƙin nan alama ce tsatsar ta mutu, ko in ƙara jiƙa su da mai wani dare?